Yoyon Jaka da Yoyon Dare

A kan benci ɗaya suka haɗu, a bakin ɗakin likitan mafitsara, wata Talata da na raka Kawu asibiti. Kawu yana da jaka manne a cikinsa, ƙasa da cibiya ta hannun dama, wata bakwai ke nan da cire masa mafitsara. Na kusa da shi wani tsohon malamin makaranta ne, shi ma an cire masa tasa, amma a wani asibitin kuɗi a Alƙahira, kuma ba shi da jaka: hanjinsa aka yanka aka ɗinka masa sabuwar mafitsara a ciki. Kafin a kira lambar Kawu, kowa ya san sirrin ɗan'uwansa.

"Malam, kai ka huta," in ji Kawu. "Ba mai ganin komai a jikinka."

Malam ya yi ɗan murmushi. "Alhaji, rabona da barcin awa huɗu a jere tun kafin azumin bara. Kai fa?"

Kawu ya yi shiru, don shi in dai jakar ta zauna, sai kiran assalatu ke tashinsa.

Tun ranar nake juya zancen nan a raina. Duk wanda aka cire wa mafitsara sai an nema wa fitsarinsa wata hanya, domin ƙoda ba ta san an yi tiyata ba. Dare da rana tana tacewa, lita ɗaya da rabi ko fiye a kullum. Hanyoyin da aka fi bi biyu ne, kowace kuma da irin yoyonta. Tambayar da ta dame ni ita ce: wane yoyon ne mutum zai fi iya zama da shi?

A Turai da Amurka shan taba ne kan gaba wajen jawo kansar mafitsara. A wajenmu akwai wani tsohon mai laifi, wato tsargiya. Kawu a kududdufi ya koyi iyo, kuma yana tuna lokacin da sa'o'insa ke ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Tsutsar nan da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851 tana zuba ƙwai a bangon mafitsara, ƙwan ya yi ta cin wurin shekara 20 ko 30, har naman ya sauya hali. Wannan ne ya sa likitocin Masar suka yi nisa a irin wannan tiyata, musamman cibiyar ƙoda da mafitsara ta Mansura da aka buɗe a 1983 ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ghoneim. Cutar gidansu ce, kamar yadda take cutar gidanmu.

Aikin da aka yi wa Kawu shi ne wanda likita Eugene Bricker na birnin St. Louis ya yaɗa a 1950. Ana yanko ƙaramin hanji kamar santimita 15, a haɗe sauran ya ci gaba da aikinsa, a dasa bututun ƙoda biyu a jikin guntun, a ɗinke baki ɗaya, ɗaya bakin a fito da shi ta fatar ciki. Jan naman da ke leƙowa, mai laushi kamar cikin kumatu, shi ma'aikatan jinya ke kira sitoma. Ba ta jin zafi, ba ta kuma riƙe komai. Fitsari ɗis-ɗis yake fitowa, da ɗan yauƙi kamar majina, domin hanji bai manta da sana'arsa ta asali ba. Duk abin da ke tsakanin mutum da jiƙewa shi ne wani faifan manne mai faɗin tafin hannu, da rami a tsakiya, da jakar leda mai ɗan famfo a ƙasa.

Watanni biyun farko ba na fatan maƙiyi ya gan su. Dare uku a jere Inna, matar Kawu, tana wanke zanin gado kafin gari ya waye, don kada jikoki su gani. Kawu ya daina zuwa jam'i, ya daina zama a majalisar ƙofar gida. Dabarar da ya samo ita ce filasta. Da ya ji danshi sai ya yanko ya bi gefen faifan ya liƙe, ya ƙara wata a kai, kamar mai facin taya. Ya kuma rage shan ruwa, a ganinsa in babu ruwa babu yoyo. Duk biyun ƙara masa wahala suka yi. Filastar ba ta hana fitsari shiga ƙarƙashin faifai ba, ta dai tsare shi a can ya kwana a kan fata, fatar ta yi ja ta fara tsattsafo da ruwa, manne kuwa ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata. Rage ruwan ya sa fitsarin ya yi kauri, ya yi zarni, ya ƙara cin fatar.

Wata nas ce ta warware mana, ba da magani ba. Ta ɓare faifan a hankali, hannu ɗaya na danne fata, sannan maimakon ta jefa shi a kwando sai ta juya bayansa ta miƙa wa Kawu.

"Baba, duba nan. Ka ga inda mannen ya kumbura ya yi fari, ya bi hanya ɗaya zuwa wajen cibiya? To nan ɗakinka yake yoyo. Daga yau kada ka sake yar da wanda ka cire sai ka karanta bayansa."

Ta sa shi ya zauna, ya miƙe, ya sunkuya kamar mai ruku'u. A tsaye cikinsa sumul yake, amma da ya sunkuya sai ga wani siririn kwari ya fito daga gefen sitoma ya nufi cibiya, daidai inda mannen ya narke. Ta kuma ɗauko wani kwali mai ramuka ta auna. A makonnin farko sitoma a kumbure take, tana saɓewa a hankali cikin mako 6 zuwa 8. Mu kuwa muna nan muna yanka rami da ma'aunin ranar sallama daga asibiti, ramin ya yi mata yawa, wani zoben fata ya zauna tsirara fitsari na wanke shi dare da rana. Ta ce ramin kada ya wuce sitomar da fiye da milimita 2 ko 3.

Sauran abin da ta faɗa duk ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda mutum zai ce ai wannan ba sai an gaya masa ba, alhali bai sani ba. A canza da sassafe kafin a sha komai, lokacin da ƙoda ta ɗan lafa. A naɗe bandeji a ɗora a bakin sitoma ya riƙa tsotse ɗigon har a gama. A wanke da ruwan ɗumi zalla, ban da sabulu mai mai ko mai turare. A bushe fatar ƙarau. In akwai gashi a rage shi da almakashi. Bayan an manna a ɗora tafin hannu a kai minti ɗaya ko biyu, don ɗumin jiki ne ke sa mannen ya bi fata. A zubar da fitsari tun jakar na kashi ɗaya cikin uku, ko rabi in ya yi yawa, saboda nauyinta ne ke fizgo faifan. Sai wani abu da ya ba mu dariya daga baya: hunturu ne, Inna kuwa kullum bayan wanka sai ta shafe Kawu da basilin tun daga wuya har ƙafa, har da ciki. Da hannunta mai tausayi take kwance mannen tun kafin a sa shi.

Ga kwarin nan kuwa, da farko zoben manne mai laushi aka gwada, a murɗa shi a cike gurbin. Ya rage amma bai hana ba, domin sitomar Kawu ba ta tsaya sosai ba, kusan daidai take da fata, fitsari na fitowa ya bi ƙarƙashi maimakon ya faɗa jaka. Sai aka sauya masa faifai daga shimfiɗaɗɗe zuwa mai doro. Doron yana danna fatar da ke kewaye, sitoma ta ɗago kai, a ƙara da siririyar ɗamara ta roba da ke maƙale a kunnuwan jakar. Daga canji uku a rana muka koma sau ɗaya a kwana uku. Sai dai faifai mai doro ba abin da mutum zai sayo da ka ba ne don ya ji ya yi wa wani. In ya matse da yawa yana ƙuje fata ya bar miki, musamman ga wanda ƙaba ta fito masa a gefen sitoma. Zariyar wando ma sai da aka sake mata wurin zama, don tana ratsa tsakiyar jakar ta hana fitsari sauka.

Wani abin sha'awa, wannan manne da muke raina wa ƙarfi bai daɗe a duniya ba. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Denmark, Elise Sørensen, ta ga ƙanwarta ta kasa fita daga gida bayan tiyatar hanji don tsoron yoyo, sai ta ƙirƙiro jakar da ake mannawa a yar bayan an gama. Daga nan kamfanin Coloplast ya samo asali. An daɗe kuma ana kare fata da ƙaron karaya na Indiya, wanda itacensa ɗan'uwan kukkukin dajinmu ne. Amma fitsari na saurin narkar da shi, shi ya sa masu jakar fitsari ba su more ba sosai sai da faifai irin na yanzu ya fito a shekarun 1970.

Da dare ana jona famfon jakar da dogon bututu zuwa babbar jaka mai cin lita 2, a ajiye ta ƙasa da gado, a cikin bokiti don ko ta kwana. A bar ɗan fitsari a ƙaramar kafin a jona, in ba haka ba iska ta tsotse ta ta manne, bututu ya murɗe, fitsari ya rasa hanya ya ɓalle ta gefen faifai. Wanda ya iya wannan ya sayi barcinsa. Nan ne Kawu ya fi Malam.

Abin da aka yi wa Malam ya fi burgewa a kunne. Likitoci irin su Richard Hautmann a Ulm ta Jamus da Urs Studer a Bern ta Suwizalan ne suka daidaita shi a ƙarshen shekarun 1980. Ana ɗaukar hanji mai tsawo, santimita 50 zuwa 60, a tsaga shi a tsaye, a ɗinke shi ya zama kamar ƙwarya, a jona shi da ƙoda ta sama da tsohuwar hanyar fitsari ta ƙasa. Babu sitoma, babu leda, babu tsoron riga ta ɗaga. Mutum zai tsuguna kamar kowa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar mafitsarar ba ta da jijiyar da za ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa ta cika, ba ta kuma iya matse kanta. Malam da agogo yake fitsari. Da farko duk awa 2, a hankali zuwa 3 ko 4, har ƙwaryar ta buɗe ta ɗauki kusan rabin lita. Sai ya zauna, ya saki jiki, ya yi yunƙuri da ciki, wani lokaci ya taimaka da hannu. Da rana yawancin masu irin wannan aikin suna samun riƙo cikin wata 6 zuwa shekara, in sun dage da motsa tsokar matsematsi. Dare ne matsalar. In mutum ya yi barci tsokar da ke riƙe fitsari ta saki, babu kuma tsohon saƙon da ke sa ta ƙara damƙewa in an cika, ga hanjin yana ƙara wa fitsarin ruwa daga jikinsa. Malam ya ce waya biyu yake saita wa ƙararrawa, ƙarfe 1 da ƙarfe 4, duk da haka akwai leda a ƙarƙashin zanin gadonsa, kuma ba ya kwana gidan kowa ba tare da kunzugun manya a jakarsa ba. Wasu kuma akasin haka ke samunsu, fitsarin ya ƙi fita duka, sai sun riƙa zura robar fitsari da kansu sau da yawa a rana. Wannan ya fi samun mata. Ga majinar hanji da kan toshe hanya, ga gwajin jini a kai a kai domin hanjin na tsotse gishirin fitsari ya mayar cikin jini, ga sinadarin B12 da kan yi ƙasa bayan shekaru. Ba kowa ma ake yi wa ba: sai ƙoda da hanta na da ƙarfi, sai kansar ba ta taɓa hanyar fitsari ba, sai mutum zai iya jure tiyata mai tsawo. Ko a Amurka da Ingila mafi yawan waɗanda aka cire wa mafitsara jaka ake sa musu.

Da na ɗora su a sikeli, bambancin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da yoyon yake. Na Kawu a waje yake, a kan fata, inda ido ke gani hannu ke kaiwa. Yana da dalili, dalilin kuma yana barin sawu a bayan faifai. Ana iya aunawa, a rage rami, a cike kwari, a sauya samfuri, gobe a ga bambanci. Na Malam a ciki yake. Babu almakashin da zai gyara shi, sai horo da haƙuri, kuma akwai wanda zai yi duk abin da aka ce amma darensa ya ƙi bushewa. Ta fuskar kunya kuwa Malam ne da riba, kuma ba ƙaramar riba ba ce: in nasa ya zo, a ɗakinsa yake zuwa, cikin duhu. Na Kawu ba ya neman izini. Ya taɓa ɓalle masa a sahun gaba ranar Juma'a, farar shadda, ya fito yana riƙe da babbar riga a gaba kamar mai ɗauke da tsaraba. Wata guda bai koma wannan masallacin ba.

Maganar salla ta zo da sauƙi fiye da yadda su biyun suka zata. Babin salas tsoho ne a fiƙihu, kuma a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, abin da ya taɓa tufa a irin wannan hali ma an yi rangwame a kansa. Limamin unguwa ne ya zo har gida ya gaya wa Kawu haka. Yanzu Kawu yana zubar da fitsarin jakar kafin alwala, ya shiga sahu. Azumi ne ya fi wuya, don duk su biyun ana so su sha ruwa kusan lita 2 a rana. Wannan kam tsakanin mutum da likitansa ne, ba da ƙarfin hali ake yanke shi ba.

Inda hukuncina ke rawa shi ne kuɗi. Duk abin da na faɗa na yabon jaka ya ratayu ne a kan sharaɗi ɗaya: a ce jakar tana nan. Mu kuwa daga waje ake shigo da ita, Coloplast ko ConvaTec ko Hollister, farashinta na bin dala, kuma sau da yawa abin da za ka tarar a kemis jakar bayan gida ce, marar famfo, marar ƙyauren da ke hana fitsari komawa kan sitoma. Mai doro kuwa sai an yi sautu. Ga zafin bazara: gumi na rage wa faifai kwana, kwalin da aka bari a ɗaki mai rufin kwano ko a cikin mota mannensa na lalacewa tun bai taɓa fata ba. Mutumin da ke ƙauye, nesa da mai sayarwa, nesa da nas ɗin da ta san aikin, shi ne zai koma ga filasta da ledar burodi, fatarsa ta yi kauri ta yi tsuro-tsuro, farin gishiri ya taru a gefen sitoma yana yankarta. Gishirin nan ana narkar da shi da ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa, amma wa zai gaya masa? A irin wannan hali ne wasu likitoci a Afirka ke zaɓar hanya ta uku, musamman ga matan da yoyon fitsarinsu na haihuwa ya gagari ɗinki: a karkatar da fitsarin zuwa ƙarshen babban hanji ya riƙa fita ta dubura, aikin da ake kira Mainz II. Ba ya bukatar jaka, amma shi ma yana da nasa lissafin na ƙoda da jini da sa ido har ƙarshen rai.

Duk da haka, in ɗan'uwana mai shekarun Kawu ya tambaye ni, kuma yana da hanyar samun kaya, jaka zan nuna masa, da sharaɗin a zana wurin sitomar tun kafin tiyata, yana zaune, yana tsaye, yana ruku'u, sanye da wandon da ya saba sawa. Rabin wahalar Kawu daga nan ta faro, don a kwance aka zaɓi wurin. In kuwa mai shekara 45 ne, ƙodarsa garau, ga iyali ga kasuwa, yana iya tashi sau biyu kowane dare bai rushe ba, ba zan ce masa ya yi wauta ba in ya bi hanyar Malam. Abin da ba zan yarda a gaya masa ba shi ne wai zai koma kamar da. Kawu da Malam kuma gargaɗi ɗaya aka yi musu: zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya tsaya, ko ga mai jaka sitoma ta yi baƙi, ba a kwana da su a gida.

Ran Talatar nan a kan benci, muna cikin hirar ne wayar Malam ta ɗauki ƙara a aljihu. Bai ko duba ba, ya miƙe ya gyara hula.

"Alhaji, riƙe mini layi. Maigida ya kira."

Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Sannan ya sa hannu ta ƙarƙashin riga ya taɓa tasa jakar don ya ji nauyinta, ya jawo ƙaramar jakar hannun da ba ya rabuwa da ita yanzu, ya zuge ya leƙa: faifai biyu da aka riga aka yanke, bandeji, baƙar leda, singileti ɗaya. Ya juyo gare ni.

"Nawa suka rage a gida?"

Na ce tara.

Ya ƙirga a yatsu, uku-uku, leɓensa na motsi. "Ka kira yaron nan na Legas yau," ya ce. "Kada ka bari sai gobe."